Amanar Alƙalami: Yadda Malaman Karkarar Kano Ke Riƙon Maganar Wani

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ya ratsa ta Dawanau ya nufi Bichi, ya san ƙasar nan ba ta da sauran daji. Gona manne take da gona tun daga bakin kwalta har inda ido ya ƙure, ga ɗorawa da kuka da gawo a tsaitsaye, ga gidaje a warwatse cikin gero da dawa. Ba a barin gona ta zama saura, taki ake zuba mata duk shekara a sake nomawa. A irin wannan wuri kunyar noma ɗaya dukiya ce, shi ya sa iyaka ba abin wasa ba ce. Kowa ya san tushen gambar da ya raba gonarsa da ta maƙwabcinsa, kuma wanda ya ci iyaka, ko da taku ɗaya ne, sai an ji su a gaban dagaci. Malaman da suka tashi a wannan ƙasa, waɗanda da damina manoma ne, da rani kuma ma'abota alƙalami, haka suke riƙon magana. Sun san inda zancen mawallafi ya fara, da inda ya tsaya, da inda nasu ya ɗauka, kuma kowace gaɓa da alamar da ake kafa mata. Wannan gwaninta nake so mu duba, domin a ganina ba mu ba ta girman da ya kamace ta ba. Muna yaba wa alaramma kyan hannu, muna yaba masa ƙarfin hadda, amma da wuya ka ji an yaba masa abin da ya fi su wuyar samu, wato iya taɓa maganar wani ba tare da ya ci amanarta ba.

Tarbiyyar daga allo take farawa. Gardin da ya haɗa hadda a tsangaya ba ya buɗe Alƙur'ani ya kwafa, da ka yake rubuta darasinsa, abin da ake kira satu, sannan ya ɗauki allon ya kai wurin darasu. A nan alaramma da sauran mahaddata za su bi shi harafi bayan harafi. Ba daidaiton karatu kaɗai ake nema ba, har da yadda aka zana kowace kalma tun asali. Kalmar rahama, alal misali, a yawancin wurare da ta-kuri ake rufe ta, amma a wurare 7 da buɗaɗɗen ta aka rubuta ta, kalmar ni'ima kuwa a wurare 11. Akwai alifin da ake rubutawa ba a karanta shi, akwai wanda ake karantawa ba a rubuta shi ba. Gardi ba shi da ikon cewa tun da furucin ɗaya ne bari ya daidaita su. Yadda ya tarar haka zai ajiye. Gwanaye sun ƙididdige irin waɗannan wurare sun haddace lissafinsu, shi ne harjin da ake gani a gefen Alƙur'anan hannu. Mutumin da ya yi shekara da shekaru ana tsayar da shi a gaban jama'a saboda alifi guda, hannunsa ya riga ya koyi tsoro. Ko wasiƙa ka ba shi ya juya maka, ba zai gyara maka ita a ɓoye ba.

Dubi kuma launin tawadar. Wanda bai sani ba zai ɗauka ado ne ya sa ake rubuta Alƙur'anin Warshu na ƙasarmu da baƙi da ja da rawaya da kore. Adon yana nan, amma dalilin ya fi shi zurfi. Baƙar tawada ta jikin haruffa ce. Wasula kuwa daga baya malamai suka sanya su don sauƙaƙa wa mai karatu, saboda haka aka ba su ja, haka ma ƙananan alifan da ake furtawa alhali ba sa cikin zanen asali. Hamza ɗigon rawaya ce, alifin sadarwa kuma a ɗora masa kore. Abu Amru ad-Dani, malamin Andalus da ya rasu a 1053, ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa al-Muhkam, ga shi kuma har yau a hannun alarammomin Minjibir da Gezawa. Abin da aka ƙara don taimako an bar shi da kamanninsa na ƙari, ido ya gane shi tun daga nesa. Sauran ƙa'idojin da za mu gani duk daga wannan tunani suka tsiro.

Littattafan ilimi, irin su Ahalari da Iziyya da Risala da Muhtasar, kafin bugun Masar da Bairut ya cika kasuwar Kurmi da hannu ake juyar su, kuma aikin rani ne. An kwashe amfanin gona, an ɗaure kara, hunturu ya kama. Malam ya aro littafi daga wani malami a garin gaba, da alkawarin mayarwa kafin saukar ruwa. Yana zaune a kan buzu a zaure, takarda a kan gwiwa, kurtun tawada a gefe, ga alƙaluman gamba ya feƙe ya jera. Takardar nan ba arha gare ta ba. A wancan zamani daga Italiya ake kawo ta, ta ratso Sahara a bayan raƙuma, in ka ɗaga ta a rana za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikinta. Matafiyin nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya same ta a kasuwar Kano a 1851. Mai irin wannan takarda ba ya yaga shafi don ya yi kuskure. Dole ya san yadda zai gyara a inda yake.

Kuskuren da ya fi kama mai juyi shi ne tsallake. Layi biyu sun ƙare da kalma iri ɗaya, ya ɗaga kai ya dangwali tawada, da ya dawo sai idonsa ya sauka a kan ta biyun. Layi guda cur ya salwanta, kuma sau da yawa jimlar takan tafi sumul kamar ba abin da ya faɗi. Shi ya sa juyi ba ya cika sai an yi muƙabala. A samu mutum biyu, ɗaya ya riƙe uwar littafin yana karantawa a bayyane, ɗayan yana bin sabon juyi da yatsa. Inda suka tsaya ran nan sai a rubuta "balaga" a gefe, wato duba ya kawo nan. Idan aka kama tsallaken, malam ba zai cusa kalmomin a tsakiyar layi su cakuɗe ba. Zai ja ɗan siririn layi daga daidai gurbin da abin ya faɗi, ya tanƙwara kansa ya fuskanci gefen takarda, a can ya rubuta abin da ya ɓace, ya rufe da "sahha". Wannan 'yar kalma shaida ce cewa abin da ke gefen nan na mawallafi ne, ni na yar da shi, ni kuma na maido shi. Bayanin da malam ya ƙara don kansa ko don ɗalibansa shi ma a gefe yake zama, ko cikin ƙananan haruffa a ƙarƙashin layi, wani da Larabci wani da ajami, amma ba a sa masa wannan hatimi. Mai juyi na gaba, ko bayan shekara 50 ne, ya san wanne zai shigar cikin matani, wanne zai bari a waje.

In kuma ƙari aka yi, kamar a maimaita layi, malaman ƙa'ida ba sa son kankarewa da wuƙa. Sun fi son a ja siririn layi a kan abin da ba a so, a bar shi yana karantuwa. Gurbin da aka kankare yana jawo zargi, don ba wanda ya san abin da aka cire. Sannan ta yiwu abin da ka soke yau a same shi daidai ne a wani juyin da ya fi naka inganci, to in ka kankare ina za ka samo shi?

Wurin da ake gane gogagge shi ne inda kuskuren ba nasa ba ne. Yana cikin juyi sai ya ci karo da kalmar da nahawu bai yarda da ita ba, ko sunan da ya san ba haka yake ba. Sabon shiga nan take zai gyara, har ya ji daɗi ya taimaki mawallafi. Gogagge kuwa zai rubuta ta yadda ya gan ta, ya ɗora mata "kaza", ma'ana haka na tarar, sannan ya fita gefe ya ce "la'allahu", wataƙila abu kaza ake nufi. Ya faɗi ra'ayinsa, bai ɓoye iliminsa ba, kuma bai sa wa marubucin magana a baki ba. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu da azumi, wanda ya rasu a 1149, yana da wani littafin mai suna al-Ilma'u a kan ƙa'idojin ruwaya da rubutu. A ciki ya ambaci wani babban malamin Andalus, Abul Walid al-Waƙƙashi, wanda yawan saninsa da kaifin basirarsa suka ba shi ƙarfin halin gyara littattafai. Sau da yawa yakan dace, amma wani lokaci daidai yake mayarwa kuskure, don Larabci ya fi sanin mutum ɗaya faɗi. In haka ta sami malami irin wannan, ina ga ni da kai? Abin da ka ga kamar kuskure ne, ta yiwu ƙarshen saninka ne ka iso.

Wannan duk a juyi ke nan. Sai kuma naƙali, wato malam yana rubuta nasa littafin ko fatawa ko wasiƙa, ya ɗauko maganar wani ya kafa hujja da ita. Rubutun da ba shi da alamar buɗe zance da rufe zance irin ta boko, yaya ake yi da shi? Da kalmomi ake rabewa. Zai buɗe da "ƙala", wane ya ce a littafi kaza, ya jero maganar, in ta ƙare ya rubuta "intaha", ko ya taƙaita ta zuwa alif da ha. In zai sa baki sai ya ce "ƙultu", ni na ce. A karatun zaure ma haka ake ji. Malam yana fassara gaɓa gaɓa, ɗalibi yana amsawa da na'am, da an zo wurin sai ya ce maganar Shehu wane ta ƙare nan, yanzu mai sharhi ne ke magana. A littattafan sharhi akan rubuta matani da ja, sharhi da baƙi, ko a sa harafin sad kafin maganar mawallafi, a sa shin kafin ta mai sharhi, kamar yadda yake a sharhin Harashi na Muhtasar.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su hana taɓa maganar da aka naƙalto ba. Sun san takarda tana ƙarewa, mai karatu kuma yana gajiya. Abin da suka sharɗanta shi ne kowane irin taɓi ya zo da sunansa. In ka kawo farkon zance ka bar sauran don sananne ne, ka ce "ila ahirihi". In aya ce ka tsaya a tsakiya ka ce "al-aya", in hadisi ne "al-hadis", mai karatu ya san akwai ci gaba. In doguwar magana ka tattara ka matse, ka rufe da "intaha mulahhasan". In ka sauya wasu kalmomi, ko ka gabatar da wani abu ka jinkirta wani, ka ce "bi tasarrufin". In ma'ana kaɗai ka ɗauko ka ce "bi ma'anahu", in kuwa ka kawo ta kalma da kalma har ka yarda a riƙe ka a kai, ka ce "bi lafzihi". Kowace ɗaya tana gaya wa mai karatu yawan nauyin da zai iya ɗora wa zancen. Alƙalin da zai yanke hukunci a kan lafazi, in ya ga "bi tasarrufin", ya san sai ya tashi ya nemo asali.

Malaman hadisi ne suka fi kowa shan wahala a wannan fanni, kuma daga gare su aka gada. Yawancinsu sun yarda a ruwaito hadisi da ma'ana, amma ga wanda ya san harshen har ya san abin da ke karkatar da ma'ana. Wasu, kamar Ibnu Sirina, sun tsaya a kan lafazi. Kalmar nan da muke ji kullum a bakin mai wa'azi in ya gama jawo hadisi, "au kama ƙala", ko kamar yadda ya faɗa, tun daga sahabbai irin su Ibnu Mas'ud da Anas ɗan Malik ta samo asali, tsoron kada su jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, lafazin da ba nasa ba. Imamu Muslim, da ya rasu a 875, in malamai biyu suka ba shi hadisi ɗaya da ɗan bambancin kalma, sai ya faɗi wanda lafazin nasa ne. In malaminsa ya ambaci mutum da suna ɗaya, shi kuma yana so ya bayyana ko wane ne, ba zai liƙa sunan uban kai tsaye ba, sai ya sa "ya'ani" ko "huwa" tukuna, don a san ƙarin daga gare shi yake. Sunan uban gaskiya ne, ba wanda zai cutu, amma malaminsa bai furta ba, saboda haka ba zai ce ya furta ba. Ibnus Salah, wanda ya tattara waɗannan ƙa'idoji a Dimashƙa kafin rasuwarsa a 1245, ya ƙara da cewa sassaucin ruwaya da ma'ana bai shafi abin da aka riga aka rubuta a littafi ba. Wanda littafi ke gabansa ba shi da uzurin mantuwa.

Ba tsoron banza suke ji ba. Akwai cutar da suka sa wa suna mudraji: mai ruwaya ya faɗi hadisi, ya bi shi da ɗan bayaninsa bai raba ba, ɗalibi ya rubuta duka a matsayin abu ɗaya, a kwana a tashi bayanin ya zama hadisi a bakin mutane. Al-Haɗib al-Bagadadi, da ya rasu a 1071, littafi sukutum ya rubuta yana tsince irin waɗannan. Haka kuma yake faruwa a juyin ƙauye in aka sami mai saurin hannu marar lura, bayanin gefe ya zame ya shige matani. Ba kowane mai alƙalami ne ya riƙe ƙa'ida ba, duk wanda ya saba da tsofaffin takardu ya ga juyin da ganganci ya yi wa illa. Amma da yake ƙa'idar tana nan, ana iya gwada juyi da juyi a gane inda aka zame.

Akwai sharaɗi ɗaya a kan taƙaitawa da nake so kowane ɗan jarida da kowane ɗalibi ya haddace. Ana iya yanke zance, amma ba a yanke abin da sauran zancen ya rataya a kansa, kamar sharaɗi ko togiya ko ƙayyade lokaci. A ce dagaci ya sa an yi shela cewa kowa na iya sakin dabbobinsa bayan an gama roron wake. Wani ya je ya ce dagaci ya ce kowa na iya sakin dabbobinsa, ya ja bakinsa ya yi shiru. Bai ƙara ko harafi ba, kowace kalma ta dagaci ce, amma ya yi masa ƙarya, kuma waken mutane ne zai biya. Ka ga ke nan gwanintar ta wuce sanin alamomi. Sai mutum ya fahimci maganar ciki da bai kafin ya san abin da za a iya bari da wanda ba ya baruwa.

Wanda ya san wannan fanni da wani ido zai karanta littattafan shugabannin jihadi. Akan ji wasu 'yan boko suna cewa ai Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello harhaɗa maganganun magabata kawai suka yi. Gaskiya ne shafukan Bayanu Wujubil Hijra, wanda Shehu ya kammala a 1806, cike suke da wane ya ce, intaha. A Sirajul Ihwan ya ɗauko dogayen sassa daga amsoshin da Shehu Magili ya ba Askiya Muhammadu na Songai, Magilin nan da ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Amma mutumin da ake tuhuma da kawo sabon abu, wace hujja ce ta fi masa ƙarfi fiye da ya nuna ba shi ya fara faɗa ba? Aikin mawallafi a nan shi ne zaɓe da jerawa: wace magana za a ɗauko daga cikin dubu, wacce za ta gabaci wacce, a ina za a tsaya, sannan a ina "ƙultu" za ta shigo ta ɗaure su da halin da ƙasar Hausa ke ciki. Malam Abdullahi, wanda ya rubuta Liya'ul Hukkam a nan Kano bisa roƙon mutanenta, har littafi ya yi, Ida'un Nusuhi, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gun kowanne. A wurinsu faɗin inda ka samo abu daraja ce.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai na Muhammadu Bello ne. Shehu Muhammadul Amin al-Kanemi na Barno ya rubuto wasiƙu masu zafi yana tuhumar hujjar yaƙin da ake yi da ƙasarsa. Da Bello ya zo rubuta Infaƙul Maisur a 1812, sai ya shigar da maganar abokin jayayyarsa a ciki, da ƙarfinta da zafinta, sannan ya bi ta da amsa. Yau da yawa daga abin da muka sani na hujjojin al-Kanemi ta hannun waɗanda yake suka muka same shi. Naƙalto maganar malaminka da aminci ba wuya. Wuyar tana wajen ta wanda ya ce ba ka kan daidai, Bello kuwa ya iya.

A fagen waƙa an buɗe wata ƙofa ta ƙari da izini, ita ce tahamisi. Mawaƙi zai ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya gina ɗango uku nasa a gabansa, a kan karin waƙar da amsa-amon ɗangon farko, baiti ya koma mai ɗango biyar. Ba ya taɓa ko harafi na asalin. Ukun farko nasa ne, biyun ƙarshe na mai waƙa, kuma duk mai sauraron da ya san tsarin ya san rabon kowa. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukan Kano da ƙauyukanta haka take, asalinta na Alfazazi ne, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, tahamisin kuma na Ibnu Muhibu. Tabbat Haƙiƙa ta fi wannan yawan hannuwa. Shehu ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa wajen 1831, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi, kuma har yau an san aikin kowannensu. Ga kuma al'adar mawaƙan ajami ta rufe waƙa da sunan mai ita da shekarar da ya yi ta cikin ramzi, wato haruffan da in an lissafa su suke ba da shekarar Hijira. Mai juyi shi ma yakan sa sunansa a ƙarshen littafi, amma a matsayinsa. Zai ce an gama da godiyar Allah, wane ne ya rubuta da hannunsa, mallakar wane ne, ya roƙa wa kansa da iyayensa gafara. Mawallafi daban, mai juyi daban, mamallaki daban.

Da boko ya zo, ya zo da nasa kayan aikin, kuma in ka duba da kyau buƙatun ɗaya ne. Alamar buɗe zance da rufewa tana aikin "ƙala" da "intaha". Ɗigo uku a jere suna nuna an tsallake wani abu. Baka mai kusurwa ita ce "ya'ani" ta Imamu Muslim, wurin da mai naƙali ke sa kalmarsa don ƙarin haske. 'Yar kalmar Latin ɗin nan da Turawa ke sakawa bayan kuskuren da suka tarar, sic, ita ce "kaza". Duk al'ummar da ta daɗe tana hulɗa da rubutu dole ta iso ga waɗannan matsaloli. Abin da ke damuna shi ne da yawanmu mun yi biyu babu, ba mu riƙe na zaure ba, ba mu kuma riƙe na boko ba. Ɗalibi zai kwashe shafi guda na wani ya zuba a kundin digirinsa, ba suna ba alama. A fassara jawabin mutum daga Turanci, a gyaggyara, a ƙara gishiri, sannan a sa shi cikin alamar zance kamar da bakinsa ya faɗa da Hausa. Mafi muni shi ne yankan murya. A ɗauki karatun malami na awa biyu, a ciro daƙiƙa 30 inda yake kawo maganar da zai rushe, a watsa a WhatsApp da Facebook a ce ga abin da ya ce. Kafin ya yi bayani gari ya ɗauka, an ɓata tsakanin mutane, wani lokaci har a kai ga abin da ba a so. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. To in dole sai ta bi ta bakinka, mafi ƙarancin haƙƙinta shi ne ka faɗi abin da ka yi mata a hanya.

Littattafan da ke ɗauke da waɗannan alamomi ba duka ne ke Gidan Ɗan Hausa ko ɗakin karatun Jami'ar Bayero ko Gidan Arewa na Kaduna ba. Da yawa suna nan a gidajen malamai a ƙasar Bichi da Dambatta da Dawakin Tofa da Kunchi, cikin gafaka da adaka, gara da yoyon damina suna cin rabonsu, masu iya karanta gefensu kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ina roƙon duk wanda ya gaji irin waɗannan takardu ya fito da su ya kakkaɓe. Kada ya sake jera warƙoƙin sai da wanda ya san bin kalmar da ake rubutawa a ƙasan shafi don nuna farkon na gaba. In zai ɗauki hotonsu kuma, ya ɗauka har da gefe, kada ya datse. Ku kuma malaman Islamiyya da na sakandare, in za ku koya wa yara alamar zance, ku gayyato alaramman unguwa ya zo da littafinsa na hannu, ya nuna musu "sahha" da "intaha" su gani da idonsu. Ku yi wannan a ranin bana, tun masu abin suna raye.